Ba Kowane Jan Ido Ne Afolo Ba

Bara da kaka, ana cikin yankan dawa, wani dattijo na ikilisiyarmu ya sunkuya zai ɗaure dami, sai ganyen dawa ya share shi a idon dama. Bai ɗauki abin a bakin kome ba. Ya murza idon, ya ci gaba da aikinsa. Kashegari ido ya yi ja wur, yana ta zub da hawaye. Da yake a makon nan yara da yawa a makarantarmu suna fama da Afolo, kowa ya ce ai Baba ma ya ɗauka. Maƙwabciyarsa ta kawo masa ragowar maganin ɗigawa da ta saya a kemis, ta ce shi ya warkar da ɗanta. Kwana biyu na fari ja ya ragu, zafi ya lafa, har Baba ya zo sujada ran Lahadi yana godiya. A rana ta shida sai wani farin tabo ya fito a bisa baƙin idon. Sai da aka kwana goma sha biyu kafin 'ya'yansa su sa shi a mota zuwa asibitin ido. Mu biyu daga cikin malaman makaranta muka raka su, abin da muka gani kuwa shi ya sa muka rubuta wannan.

Likita bai yi hanzarin ba da magani ba. Ya fara da tambaya: yaushe ciwon ya soma, me ya taɓa idon, me aka sa a ciki? Sa'an nan aka rufe ido ɗaya aka gwada ganin ɗayan. Da na dama Baba bai iya ƙirga yatsu ba sai an kawo su dab da hancinsa. Likita ya ɗauko 'yar takarda mai launi, ya jiƙa ta, ya taɓa gefen idon da ita, ya haska wata shuɗiyar fitila. Nan da nan wurin da ya ƙuje ya fito kore shar, har mu da ba mu san kome ba muka gan shi. Gyambo ne a kan fatar nan mai haske kamar gilashi da ta rufe baƙin ido.

Daga nan aka zaunar da Baba gaban wata na'ura, ya ɗora haɓarsa, ya jingina goshi. Madubi ne mai ƙara girman abu, haɗe da fitila mai jefa haske siriri kamar bakin aska, domin likita ya ga zurfin gyambon, ya kuma ga ko mugunya ta taru a ciki. Aka ɗiga maganin kashe zafi, aka ɗan kankari bakin gyambon aka kai ɗakin gwaji. Amsar da ta dawo ita ce, ƙwayar cuta ce irin ta funfuna, dangin wadda kan fito a kan tuwon da ya kwana biyu. Tana zaune a jikin ganye da kara da ƙasa, shi ya sa manoma suka fi kamuwa da ita.

Likita ya ce a nuna masa kwalbar maganin maƙwabciya. Da ya karanta sai ya girgiza kai, ya ce, "Baba, wannan ne ya ba ciwon ƙarfi." Akwai sinadarin sitiroyid a ciki. Aikinsa shi ne ya kwantar da kumburi da ja, amma yana kwantar da su ta wurin ɗaure hannun sojojin jiki. Ido ya yi fari, mai shi ya ji sauƙi, ƙwayar cuta kuwa ta sami fili tana cin gabanta. Masu karatu, in kun ga an rubuta dexamethasone, ko betamethasone, ko prednisolone a jikin kwalba, kada ta kusanci idon kowa sai likitan ido ne ya duba ya rubuta.

Afolon da aka ɗora wa laifi cuta ce mai sauƙi in an gwada da wannan. An fara ganinta a Gana a shekara ta 1969, daidai lokacin da kumbon Amurka mai suna Apollo 11 ya kai mutane wata, daga nan sunan ya bi ta. Takan kama ido biyu, takan bi gida ɗaya-ɗaya, ido ya kumbura ya yi kamar an zuba yashi, amma gani ba ya raguwa, kuma cikin mako ɗaya ko biyu takan wuce don kanta. Wanke hannu da sabulu, da raba tawul da kwalli, su ne babban abin yi.

Abin mamaki shi ne, maganin nan da ya cuci Baba shi ne ke ceton idon wani. Akwai kumburin da kan tashi can cikin ido, ba a bisa ba. Mai shi yana jin ciwo mai zurfi, ba ya son haske ko kaɗan, gani ya yi hazo, amma babu kwantsa. A ƙarƙashin fitilar likita akan ga ƙananan abubuwa suna yawo cikin ruwan ido kamar ƙura a hasken da ya shigo ta taga. Irin wannan sai da sitiroyid, tare da wani maganin da ke buɗe ƙofar tsakiyar ido domin kada ta manne. Duk da haka likita yakan nemi tushen abin, gama wani lokaci tarin fuka ne, ko tunjere, ko wata ƙwaya da ake ɗauka daga kashin kyanwa da naman da bai dahu ba. Don haka kada wanda ya je da ciwon ido ya yi fushi in an aike shi gwajin jini ko hoton ƙirji. Akan kuma auna ƙarfin ruwan ido, domin yawan ɗiga sitiroyid yakan jawo hawan jinin ido, wanda ke makantarwa ba tare da zafi ba. Yaran da ke fama da ƙaiƙayin ido, iyaye suna saya musu kwalba bayan kwalba, su ne muke jin tsoro dominsu.

A manyan asibitoci yanzu har hoton cikin ido ake ɗauka. Akwai kyamara mai ɗaukar shimfiɗar bayan ido, inda gani yake sauka, a ajiye hoton a gwada da na wata mai zuwa. Akwai wata na'ura da ake kira OCT, wadda aka fara bayyanawa a Amurka a 1991. Da haske kaɗai take nuna shimfiɗar nan hawa-hawa, har a ga inda ruwa ya taru, ba ta kuwa taɓa idon. In jini ko mugunya sun toshe hanya, sai a ɗora irin na'urar da ake duba mai juna biyu a kan fatar ido. Ba kowane gari ke da waɗannan ba. Amma akwai asibitin ido na ECWA a Kano, wanda mishan ta SIM ta kafa a 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ma'aikacin jinya na kusa kuma zai iya ba da takardar zuwa.

Iyaye mata, ga abu biyu naku. Jaririn da idonsa ya kumbura yana zub da mugunya a makonsa na fari, a kai shi asibiti a ranar, gama sau da yawa ciwon sanyi ne ya ɗauka wajen haihuwa, yana iya huda idon cikin 'yan kwanaki, uwa da uba kuma su ma sai an yi musu magani. Na biyu shi ne amosanin ido, wanda wasu ke kira amodari. Ƙuda da hannu da tsumma ke kai shi daga yaro zuwa yaro. In ya yi ta dawowa shekara da shekaru, fatar ido takan lanƙwashe ciki, gashin ido ya riƙa gogar baƙin ido har ya makance. Ana maganinsa da azithromycin ko man tetracycline, da ɗan ƙaramin aiki ga wanda gashinsa ya juya, da wanke fuskar yara kullum. Gana ta rabu da shi a matsayin annobar jama'a a 2018.

Muna jin wasu suna ɗiga fitsari, ko ruwan sukari, ko nonon uwa, ko ruwan ganye. Har mun taɓa jin wata 'yar'uwa tana cewa ai Ubangijinmu ma yau da ƙasa ya shafa wa makaho, kamar yadda ke cikin Yahaya sura 9. Wannan mu'ujiza ce ta Mai Ceto, ba takardar magani ya bar mana ba. Mu yi addu'a, mu kuma nemi mota. In ido ɗaya ne ya yi ja, ko wani abu ya soke shi, ko gani ya ragu, ko haske yana damunsa, ko fari ya fito a kan baƙi, kada a kwana biyu a gida.

Baba ya yi sati uku a kwance, ana ɗiga masa natamycin kowace awa dare da rana a kwanakin fari, 'yarsa tana zaune da agogo. Ba a cire idon ba, mun gode wa Allah. Amma hakiya ta zauna a tsakiyarsa, da na hagu yake karatu yanzu. Bana da aka shiga yankan dawa mun gan shi a gona sanye da tabarau, ya kuma saya wa 'ya'yansa maza uku kowa da nasa.