Yawan Wutar Sola da Batirin Motar Kwana Ke Buƙata

A Turai da Amurka, motocin yawon shaƙatawa da ake kwana a cikinsu suna da batiri na biyu mai kunna fitilu da firji. Ko da yake an rubuta masa bolt 12, batirin dalma ba ya cika sai caji ya kai kusan 14.4, daga nan a sauke zuwa 13.6 don ya riƙe. Wani zai ce ai faifan sola ma na 12 ne, a haɗa kai tsaye. Amma faifan kan fitar da kusan 18, wanda zai tafasa ruwan batirin ya lalata shi. Batirin jel kuma na son caji ƙasa da 14.4 kaɗan. Saboda haka a sa kwanturola mai daidaita caji, a saita ta yadda kamfanin batirin ya rubuta.