Ina kundayen binciken jami'o'in Arewa suke zuwa bayan an karɓi digiri?

A daren 9 ga watan Satumban 2024, wayewar garin 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya malale cikin Maiduguri. Ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na jami'a, ya raba ɗaruruwan dubban mutane da gidajensu. Shekara 30 kafin nan, a 1994, garin ya ga makamanciyar wannan ambaliya daga wannan madatsa.

Da ruwa ya janye, sai tambayoyi suka biyo baya. Yashi da laka nawa suka taru a cikin dam ɗin tun da aka gina shi? Waɗanne unguwanni ne aka gina a kan hanyar ruwa? Idan dam ya cika ya tumbatsa, awa nawa ruwan zai ɗauka kafin ya iso gari?

Irin waɗannan tambayoyi ne ɗaliban digiri na biyu da na uku ke shafe shekaru suna neman amsarsu. Kowace shekara jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ke Zariya, Bayero da ke Kano, Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Maiduguri suna karɓar kundayen bincike masu tarin yawa. Galibinsu, daga ranar da aka yi musu bango mai kauri, sai kanta.

Yadda ake haɗa kundi

A ƙa'ida, digiri na biyu kan ɗauki kimanin shekara biyu, na uku kuma shekara uku ko fiye. A aikace yakan wuce haka, musamman idan yajin aiki ya gifta, kamar na ƙungiyar ASUU a 2022 wanda ya ɗauki wata takwas.

Ɗalibi zai fara kare tsarin bincikensa a gaban malamai, sannan ya fita fage: ya ɗebo ruwa a kwalabe ya kai ɗakin gwaji, ko ya bi makarantu yana zama a aji, ko ya bi dattawa da rikoda. Da yawansu malaman makaranta ne ko ma'aikatan gwamnati, kuma daga albashinsu suke biyan kuɗin mota da na gwaji da na buga takardu. A ƙarshe a gayyato masani daga wata jami'a ya yi masa tambayoyi.

Babin ƙarshe na kusan kowane kundi yana ɗauke da shawarwari ga gwamnati da hukumomi. Sai dai da wuya a samu wanda aikinsa ne ya kai wannan babi ga waɗanda aka rubuta shi dominsu.

Abin da kogin Haɗeja ya koyar

Kogin Haɗeja misali ne na inda bincike ya yi nisa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukkansu a jihar Kano, a saman kogin. Can ƙasa, ruwan Haɗeja da na Jama'are suna haɗuwa a dausayin Haɗeja da Nguru, su zama Komadugu Yobe wanda ke bin iyakar Najeriya da Nijar har zuwa Tafkin Chadi.

Kafin a yi madatsun, kogin kan cika da damina ya malale a fadamu. Manoma su noma shinkafa, masunta su kama kifi, idan ruwa ya janye a shuka a kan danshi, makiyaya kuma su samu ciyawar rani. Da aka tare ruwa, malalar damina ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya hana hanyoyin kogin bushewa. Hakan ya bai wa ciyawar kachala damar mamaye su. Ita da laka suka toshe wasu hanyoyin, ruwa ya karkata ya ci gonaki a wani wuri, ya bar wani wurin da ƙishirwa. Tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi su ma suka samu mafaka a cikinta.

A 1995, Julian Thompson ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Landan a kan yadda ruwa ke gudana a wannan yanki. Daga baya shi da masanin tattalin arziki Edward Barbier suka kwatanta amfanin ruwan a manyan gonakin noman rani da ke sama da amfaninsa a fadamun ƙasa. Sun gano cewa ribar da ake samu a sama ba ta cike asarar da ake yi a ƙasa, suka kuma ba da shawarar a riƙa sakin ruwa daga madatsun da damina, yadda zai yi kama da malalar da aka saba.

Irin wannan ilimi ya shiga muhawarar madatsar Kafin Zaki da ke kan kogin Jama'are a jihar Bauchi, wadda aka shafe shekaru da dama ba a kammala ba. Masu son a gina ta suna duba noman rani, mutanen Yobe da Borno kuma suna tsoron abin da zai rage musu na ruwa. Amma manomin Guri da masuncin Nguru, waɗanda da su aka yi binciken, ba su da hanyar karanta sakamakonsa da harshensu.

Birnin da ya fi taswirarsa girma

A fannin tsara birane ma ba a rasa rubutu ba. Kano ta samu tsarin ci gaba na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan Trevallion. Kaduna ta samu na Max Lock a 1967, wanda ya hango birnin har zuwa 2017. Biranen biyu sun daɗe da zarce iyakokin da aka zana musu.

A cikin ganuwar Kano, kududdufai sun samo asali ne daga ramukan da aka haƙa ƙasar gini. Da damina su ne ke tare ruwan sama kafin ya bi kogin Jakara ya fita. Yanzu an cike da yawansu an yi gini a kai, ruwan da suke riƙewa kuma sai ya nemi lungu ko tsakar gida. Ɗalibin da ya ɗauki tsohuwar taswira ya jera ta da hoton tauraron ɗan'adam na yau zai iya nuna kududdufin da ya ɓace da unguwar da za ta sha ruwa a dalilinsa.

Haka batun masana'antun jima da ke Bompai da Sharaɗa da Challawa. An sha auna sinadarai masu illa a ruwan da ke fitowa daga irin waɗannan wurare, da kuma a ganyayen da ake nomawa da shi a gefen Jakara. Mai sayen latas da alayyafo a kasuwa shi ya fi kowa buƙatar wannan labari, kuma shi ne ba ya jin sa.

Da wane harshe yaro zai fara karatu?

A fannin ilimi, tambayar da aka fi bincika ita ce ta harshen koyarwa. A shekarun 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarbanci, Turanci kuma ya zama darasi guda. Yaran ba su gaza takwarorinsu ba, a darussa da dama ma sun fi su. A Nijar, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. A shekarun baya-bayan nan kuma shirin Mu Karanta ya koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwa a jihohin Bauchi da Sakkwato.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da tsarin koyarwa da harshen uwa a shekara shida na firamare. A watan Nuwamban 2025 ministan ilimi ya sanar da soke shi, aka koma Turanci, bisa hujjar faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Masu sukar matakin suna cewa ba a taɓa samar da isassun littattafai da malaman da aka horar ba, balle a ce tsarin ya gaza.

Wannan gardama ce da hujja kan iya warwarewa. A tsangayoyin ilimi na jami'o'in Arewa akwai ɗaliban da suka zauna a azuzuwan ƙauye, suka gwada karatun yara ɗaya bayan ɗaya. Iyayen waɗannan yaran ba su ji abin da aka gano ba.

Adabi: inda kundi ya fito kasuwa

Fannin adabi ya ɗan bambanta. A 1975, Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Mamman Shata, abin da ya nuna cewa waƙar baka ta cancanci nazari mai zurfi. Bayansa, a sassan harsunan Najeriya na jami'o'in Arewa, ɗalibai suna rubuta kundayensu da Hausa tsantsa.

Amfanin hakan a bayyane yake. Littafin Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito a 1988, da rubuce-rubucen Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙa, sun shiga hannun malaman sakandare da 'yan jarida da masu gabatar da shirye-shiryen rediyo.

Da littattafan soyayya suka cika kasuwannin Kano a shekarun 1990, malamai irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun yi muhawara a kansu a shafukan jarida, marubutan kuma suka mayar da martani. Daga baya ɗalibai a gida da waje suka rubuta kundaye a kan marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu. A nan, wanda aka yi nazari a kansa ya ji abin da aka faɗa, ya kuma samu damar cewa bai yarda ba.

Daga kanta zuwa waya

An fara ɗan motsi. Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbun intanet mai suna Kubanni, sunan kogin da ya ratsa ta gefen jami'ar, inda ake iya sauke kundaye a waya. Sai dai kundi mai shafi 200 da Turancin masana ba abin da kansila ko sarkin ruwa zai zauna ya karanta ba ne.

Wasu jami'o'in duniya sun nemi mafita. A 2008, Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara gasar da ɗalibi zai bayyana bincikensa cikin minti uku ga mutanen da ba fanninsu ba ne, kuma gasar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa.

A Arewa abin da ake buƙata bai kai kuɗin buga kundi ɗaya ba: taƙaitaccen bayani mai shafi biyu da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci a ƙarshen kowane aiki, wanda za a iya karantawa a rediyo ko a tura ta WhatsApp, sannan makarantar manyan digiri ta aika babin shawarwari ga hukumar da abin ya shafa, ta nemi amsa a rubuce. Asusun TETFund, wanda ke ɗaukar nauyin karatun malamai da dama, yana iya sa wannan cikin sharuɗɗansa.

Madatsar Tiga ta haura shekara 50. Maƙwabciyarta ta Bagauda ta taɓa ɓallewa a 1988. Mutanen da ke zaune a ƙasan waɗannan madatsu, daga Wudil zuwa Ringim zuwa Haɗeja, suna da haƙƙin sanin abin da ɗalibai suka auna a kogin da ke wucewa ta bayan gidajensu, tun kafin damina ta kankama.