Injin Niƙa: Yadda Ake Gane Famfon Injekta Ya Lalace, Da Yadda Ake Ɗaura Sabo

Da zarar an gama girbi, injin niƙa ba ya samun hutu a ƙauyuka. Tun da sassafe za a ga kwanuka da buhuna sun yi layi. Ranar da injin ya ƙi tashi kuwa, mai inji ya yi asarar cinikin yini, mata kuma su koma ga turmi da dutsen niƙa, ko a aiki yara wani gari mai nisa da hatsi a ka.

A irin wannan rana maganar da aka fi ji ita ce, "Famfon injekta ne ya mutu." Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa mutum yakan sayar da akuya ko buhun dawa ya sayo sabon famfo, a ɗaura, inji ya ci gaba da ƙin tashi, domin tun farko ba a famfon ciwon yake ba. Saboda haka ya kamata mai inji ya san yadda ake bincike kafin ya sa hannu a aljihu.

Mene ne aikin famfon?

Injin gas, wato dizal, ya samo sunansa ne daga wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel, wanda injinsa ya fara aiki sosai a shekarar 1897. Wannan inji ba shi da fulogi irin na injin fetur. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci sai a feso gas a ciki, ya kama da wuta da kansa.

Abubuwa biyu ne ke yin wannan feshi. Famfon injekta shi ke auna gas, ya tura shi da ƙarfi a kan lokaci. Nozul kuma, wanda ke ɗaure a kan silinda, shi ke watsa gas ɗin ya zama kamar hazo. Ƙarfin turawar ya ninka na iskar da mutum ke shaƙa fiye da sau 100. Kamfanin Bosch na Jamus ya fara ƙera irin wannan famfo da yawa don sayarwa a shekarar 1927.

A cikin famfon akwai wani ɗan ƙarfe mai hawa da sauka da makanikai ke kira filanja. Ratar da ke tsakaninsa da gidansa ba ta kai kashi 1 cikin 20 na kaurin gashin kai ba. Wannan shi ya sa ƙwayar ƙura ko ɗigon ruwa ke iya kashe famfo.

Yawancin injinan niƙa masu silinda ɗaya iri biyu ne. Akwai Lista, wanda asalinsa na kamfanin Lister ne na Ingila, daga baya kuma aka riƙa ƙera irinsa a Indiya. Akwai kuma injinan Sin masu lamba kamar R175 da S195. Dukansu hanyar bincikensu kusan ɗaya ce.

A fara da mai araha

Makaniki na ƙwarai ba ya fara kwance famfo. Yakan bi hanyar gas tun daga tanki, mataki mataki.

Na farko, tanki. A duba ko akwai gas, kuma makunnin tankin a buɗe yake. A tsiyayo kaɗan a cikin kwalba mai haske a ajiye. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, in akwai laka ita ma za a gan ta. Murfin tanki yana da ɗan ƙaramin rami na shan iska. In ramin ya toshe da garin niƙa, gas zai daina sauka.

Na biyu, filtar gas. A cire tiyon da ke shiga famfo a ga ko gas na zuba sosai. In ɗiga yake yi, filta ta toshe.

Na uku, iska. In gas ya taɓa ƙarewa a tanki, ko tiyo ya tsage, iska takan shiga hanya, famfo kuwa ba ya iya tura iska. A sassauta ɗan notin fitar da iska, a bar gas ya zuba har kumfa ta ƙare, sannan a ɗaure. Injina da dama nan ciwonsu ke ƙarewa.

Na huɗu, filtar iska. Ɗakin niƙa ba ya rabuwa da ƙura, balle lokacin hunturu. Injin da bai sami iska ba zai yi baƙin hayaƙi, ya rasa ƙarfi, ko da famfonsa sabo ne ful.

Na biyar, matsin silinda. A juya inji da hannu, a saki ɗan hannun nan da ke danne bawul. Inji mai lafiya zai turje, ya yi nauyi. In ya wuce salin alin, ko ana jin iska na tsiyaya, to zoben fistin ko bawul ne suka cinye. Sabon famfo ba zai yi maganin wannan ba.

Hayaƙi ma yana ba da labari. Shuɗin hayaƙi alama ce inji na ƙona baƙin mai, wannan kuwa ba laifin famfo ba ne. Baƙin hayaƙi na nuna gas ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan, ko an ɗora wa inji kayan da suka fi ƙarfinsa. Farin hayaƙi mai warin gas na nuna gas bai ƙone ba, wataƙila don yana zuwa a makare ko matsi ya yi rauni.

Nozul ne ko famfo?

In duk waɗannan lafiya suke, saura abu biyu: nozul da famfo. Ga yadda ake rarrabe su.

A kwance bututun ƙarfe daga wajen nozul, a kai hannun gudu ƙarshe, a juya inji. Famfo mai aiki zai riƙa tofo gas sau ɗaya a kowane juyi biyu. In babu abin da ya fito alhali gas na isowa, to famfon ne, ko kuma sandar da ke ƙara mai da rage shi ta maƙale a wurin kashewa.

In gas ya fito, sai a ciro nozul daga kan silinda, a ɗaura shi a bututun a waje, a sake juyawa. Nozul mai kyau yakan yi feshi kamar hazo tare da ɗan ƙara, ya yanke nan take ba tare da ɗiga ba. In yana zubo da gas kamar fitsari, ko yana ɗiga bayan feshi, laifin na nozul ne, kuɗinsa kuwa bai kai na famfo ba. In aka aro nozul mai kyau daga wani inji irinsa, shi ma ya ƙi feshi, to an kama ɓarawo, famfon ne.

A nan akwai gargaɗi babba. Kada kowa ya sa hannu a gaban nozul don ya ji feshi. Gas ɗin na iya huda fata ya shiga nama. Ramin ƙarami ne kamar na allura, amma yana iya jawo a yanke yatsa. Wanda hakan ya same shi, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa magani a gida. A kuma kawar da yara da wuta daga wurin.

Akwai wata alama da ke yawan nuna filanja ya cinye. Inji zai tashi da safe da sanyi, amma in ya yi zafi aka kashe shi, sai ya ƙi tashi har sai ya huce. Dalili shi ne gas mai zafi yakan tsinke, ya riƙa zurarewa ta gefen filanjan da ya sassauta. Haka kuma in baƙin mai na ƙaruwa da kansa, yana warin gas, to gas na yoyo zuwa cikin inji daga famfo ko nozul.

Wajen saye

Ba kullum ake bukatar sayen famfo sukutum ba. Sau da yawa canza filanja da gidansa, da ɗan bawul ɗin da ke saman famfo, ya isa. Amma filanja da gidansa tare ake ƙera su, tare ake canza su. Ba a ɗaukar na wannan a sa a gidan wancan.

In jikin famfon ya tsage, ko sandar mai ta cinye, sai a sayi sabo. A rubuta lambar inji da lambar da ke jikin tsohon famfo, a kuma tafi kasuwa da tsohon a hannu don a gwada su ido da ido. Famfo biyu na iya kama da juna a waje, amma kaurin filanjansu ya bambanta. A duba ko bakunan sabon na toshe da murfi, sandar mai kuma na motsi ba tare da tirjiya ba. A kula da tsohon famfon da aka wanke aka sa a sabon kwali. Araha ba ta ado.

Yadda ake ɗaurawa

Tsabta ita ce rabin aikin. A tsayar da niƙa, a share ɗaki, a wanke gefen injin da gas kafin a kwance ko da noti ɗaya. A shimfiɗa leda ko faranti mai tsabta na ajiye kaya. Kada a goge cikin famfo da tsumma, domin zarensa ma datti ne. A ɗauraye da gas mai kyau kawai.

A rufe makunnin tanki, a cire tiyo da bututun ƙarfe, a kwance notocin famfo. A injinan Sin, sai an matsar da hannun gudu zuwa wajen tsakiya kafin famfo ya fito. In ya ƙi fitowa, kada a doke shi da guduma, a motsa hannun gudu a sake gwadawa.

Ƙarƙashin famfon injinan Sin akwai wasu siraran faifai da ake kira shim. Wasu kan ɗauke su tarkace su zubar, alhali su ne ke tsayar da lokacin feshi, wato taimin. A ƙirga su, a adana su, a mayar da su yadda suke.

A juya fulawil, wato babban gargaren ƙarfen da ke gefen inji, har ƙusumbin da ke tura famfo ya koma ƙasa. Sannan a zura sabon famfo a hankali. Wuri mafi haɗari shi ne nan. Sandar mai tana da ɗan kai wanda dole ya faɗa cikin bakin gwafar gwamna, wato na'urar da ke hana inji wuce gudunsa. Bayan an zura, a motsa hannun gudu gaba da baya a tabbata sandar na bin sa. In bai shiga ba, inji na iya tashi ya yi ta ƙara gudu ba tsayawa har ya farfashe. A ɗaure notoci kaɗan kaɗan, wannan gefe sannan wancan.

Daga nan sai a haɗa tiyo, a buɗe tanki, a fitar da iska. Sai gwajin taimin. Kafin a ɗaura bututun ƙarfe, a kai hannun gudu wurin aiki, a juya inji har gas ya cika bakin famfo. A share na sama, a ci gaba da juya fulawil sannu sannu. Da zarar gas ya fara motsi a bakin, a tsaya cak. A duba alamar feshi da aka zana a jikin fulawil, ya kamata ta yi daidai da alamar da ke jikin inji. A yawancin irin waɗannan injina feshi na farawa ne kimanin digiri 15 zuwa 20 kafin fistin ya kai ƙololuwa, littafin kowane inji kuma ya faɗi nasa.

In gas ya zo da wuri, a ƙara shim. In ya makara, a rage. A injin Lista kuwa, da notin da ke ƙarƙashin famfo ake daidaitawa. Injin da taiminsa ya yi gaba yakan yi ƙwanƙwasa, yana iya kuma mayar da hannun tayarwa ya karya wa mutum hannu. Wanda ya makara yakan yi farin hayaƙi, ya yi zafi, ya sha gas ba ƙarfi.

A ɗaura bututun ƙarfe ba tare da lanƙwasa shi ba. A bar notin wajen nozul a sake, a juya har gas ya fito, sannan a ɗaure. Kafin tayarwa ta farko, a cire bel ɗin niƙa, a kuma tanadi ɗan katako mai faɗi. In inji ya nemi guduwa, a toshe bakin shan iska da katakon, zai mutu. Kada a toshe da tafin hannu ko riga. In ya tashi lafiya, a bar shi ya yi kamar minti 10 ba kaya, ana duba yoyo da hayaƙi.

Wannan bayani na inji mai silinda ɗaya ne. Famfon tarakta ko babbar mota, sai an kai wa masu na'urar auna famfo a birni. Sababbin motocin dizal masu aiki da kwamfuta kuwa, ƙarfin gas ɗinsu ya ninka na injin niƙa fiye da sau 10, ba a sassauta bututunsu inji na aiki.

Abin da ya kashe tsoho zai kashe sabo

Tun da farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a shekarar 2022, wasu masu inji suka koma sayen na bakin hanya, wanda akan gauraya da kananzir ko ruwa. Gas ɗin da ke bi ta cikin famfo shi ne man da ke sa filanja santsi. Kananzir ba shi da maiƙo kamar gas, saboda haka yana sa filanja saurin cinyewa. Ruwa kuma tsatsa yake kawowa.

Rigakafi ya fi magani. A bar gas ya kwanta a jarka kwana biyu kafin a yi amfani da shi, kada kuma a juye na can ƙasa. A zuba ta mazurari mai rariya. A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, don kada raɓa ta taru a ciki da dare. A canza filtar gas a kan lokaci, a riƙa wanke ta iska a kai a kai. Kuɗin filta goma bai taka kara ya karya ba in aka gwada da asarar mako guda inji na tsaye a tsakiyar kaka.

Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a sana'a.