Tantance Zantukan da Ake Yi Kan Memori da Filashi

A yau da wuya ka shiga gida a Malisa, ko Gwandu, ko Kalgo, ka rasa ɗan katin nan da ake kira memori, wanda ake kai wa masu turi su cika shi da ƙira'a da tafsirin watan azumi da finafinan Kano; kuma da yake amanar mutane yake ɗauke da ita, har da takardun ɗaliban jami'ar tarayya da ke wajen Kalgo, duk ranar da ya ƙi buɗewa sai fatawoyi su yi yawa. To, tun da ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo muke, inda ba a karɓar ruwaya sai an bincika isnadinta, ya kamata mu ware sahihi daga ƙagagge.

Zancen da ya fi yawo shi ne wai bairos ya cinye kayan. Cutar dai gaskiya ce, kuma kwamfutocin shaguna, waɗanda ake yini ana soka musu filashin kowa, su ne matattararta. Amma cinyewar galibi ba ta tabbata ba, domin irin wadda ta fi addabarmu ɓoye fayiloli take yi, ta bar surarsu ta ƙarya mai 'yar kibiya a gefe, wadda duk wanda ya danna ya ƙara yaɗa annobar. Hujja kuwa a sarari take: idan kwamfuta ta ce an cika giga 6 alhali ba ka ganin komai, to kayanka na nan, kuma bayan an wanke cutar, umarnin attrib na Windows yana fito da su.

Akwai kuma masu cewa da zarar kwamfuta ta nemi a yi fomatin, shi ke nan, sai haƙuri. Abin da yakan faru shi ne an zare katin ana tsakar rubutu a kansa, ko wuta ta ɗauke, sai ya zama tamkar littafin da aka yage fihirisarsa alhali babukansa suna nan daram. Manhajoji irin su PhotoRec da Recuva suna iya tsamo mafi yawan abin da ke ciki, wani lokaci ko da an riga an yi fomatin na gaggawa, bisa sharaɗi guda: kada a tura masa sabon abu ko ɗaya. A ganina mai turi da ya yi saurin goge kati ya sake cika shi da waƙoƙi, don ya faranta wa mai shi rai, ya fi bairos ɓarna.

Wanda ya sayi kati mai giga 64 ya ga 59 da ɗoriya, kada ya zargi mai shago da tauye mudu. Masana'anta da 1000 suke lissafi, Windows kuwa da 1024. Ha'incin haƙiƙa yana wurin jabun kati, wanda aka shirya shi ya riƙa da'awar 64 alhali cikinsa bai wuce 8 ba, ya yi ta karɓar kaya ba musu, sai daga baya a tarar wasu sun ƙi buɗewa. Manhajar H2testw tana tona asirinsa, domin cika shi take yi ta sake karantawa.

Haka nan ba duk ƙin aiki ne lalacewa ba. Tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4 cif, ko da fili ya yi yawa. Katin da ya haura giga 32 kuwa da exFAT yake zuwa, wanda Microsoft ya fitar a 2006, kuma da yawa daga ƙananan rediyoyi da wayoyi masu madanni ba su san shi ba. Tsoron maganaɗisu gadon zamanin kaset ne, domin maganaɗisu ba ya taɓa memori. Sa shi cikin firji kuwa bidi'a ce da ba ta haifar da komai sai danshi.

Amma kati yana tsufa, wannan ya inganta. Idan ya bari a karanta ya hana a rubuta ko a goge, alhali ɗan makullin da ke gefen adaftarsa a buɗe yake, kuma an goge ƙurar hunturu an gwada wata kafa da wata kwamfuta, to ajalinsa ya kusa. A kwashe abin da ke ciki tun yana bari.