James Forbes: mai karɓar haraji da ya zana Indiya

Yau Indiya za mu tafi, amma ba ta finafinai ba, ta shekaru sama da 200 da suka wuce.

A 1765 wani yaro ɗan Landan, James Forbes, ya tashi zuwa Bombay (Mumbai ta yanzu) a matsayin akawun East India Company, kamfanin kasuwancin Ingila da daga baya ya zama mai mulkin ƙasar. Aikinsa rubuta lissafi ne. Amma da ya samu sarari sai ya ɗauki fensir, ya zana duk abin da idonsa ya gani: tsuntsaye, macizai, furanni, masaƙa, matan da ke ɗibar ruwa, wuraren bauta. Kafin ya koma gida a 1784, ya cika kundi 150, shafi kusan 52,000. Ku duba fa, babu kyamara a lokacin.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayaninsa kan Kabirvad, wata bishiyar banyan a kogin Narmada kusa da Bharuch. Banyan dangin ceɗiya ce: saiwoyi na sauko wa daga rassa, su kama ƙasa, su zama sabon jiki. Forbes ya ce manyan jikkunanta sun kai 350, ƙananan sun haura 3,000. Bishiya ɗaya kenan, kamar kurmi.

To amma ga inda nake tsayawa. Wannan mutumin da ke zanen furanni shi ne mai karɓar harajin kamfani a garin Dabhoi na Gujarat, shi ne kuma mai yanke hukunci a can. Lokacin da zai bar garin, an miƙa shi ga Maratha, manyan gari suka zo da kyaututtuka. A labarin da ya bayar da kansa, ya ƙi karɓa, ya ce a ba shi wasu sassaƙaƙƙun duwatsu daga kangayen garin. Suka ba shi, ya kai su lambun gidansa a Stanmore, kusa da Landan. Ni dai ina tambayar kaina: wa zai iya ce wa mai karɓar haraji a'a?

Kuma a 1810 ya wallafa ɗan littafi yana cewa ya kamata a mayar da mabiya Hindu Kiristoci. Mutanen da ya kwashe shekaru yana zana su kenan.

Babban littafinsa, Oriental Memoirs, ya fara fitowa a 1813, juzu'i huɗu, kuma har yau masu binciken tarihin Gujarat na buɗe shi. Ya rasu a 1819 a Aachen, Jamus ta yanzu. Kabirvad kuwa tana nan, ana tsallaka Narmada a kwale-kwale don zuwa ganinta.