Fyaɗe: Sha'awa ce ko fin ƙarfi?

A watan Yunin 2020 'yan sanda suka kama wani mutum a Kwanar Dangora ta jihar Kano bisa zargin yi wa mata 40 fyaɗe cikin shekara guda, ciki har da tsohuwa 'yar shekara 80. A tsakanin nan kuma aka kama mutum 11 a Dutse kan yarinya 'yar shekara 12.

In irin wannan magana ta taso a majalisa a Jigawa, a Kiyako ne ko Birnin Kudu ko Gwaram, amsa a bakin kowa take: aure ya yi tsada, 'yan mata sun bar sutura, waya ta lalata samari. Wanda aka kama kuwa ya sunkuyar da kai ya ce sharrin Shaiɗan ne. Duk dai sha'awa ake nufi. To, wace kwalliya gyatuma mai shekara 80 ta yi?

Masana sun daɗe suna wannan gardama. A 1975 Susan Brownmiller, 'yar Amurka, ta rubuta cewa fyaɗe makami ne na razana mata. A 1979 Nicholas Groth, wanda ya yi aiki da fursunoni masu wannan laifi, ya ce akasarinsu nuna iko ne ko huce haushi ke tunzura su. Sai a 2000 Randy Thornhill da Craig Palmer suka ce a'a, asalin abin sha'awa ce, aka yi musu ca.

Ni dai ina ganin ba a raba biyun. Sha'awa na nan, amma ba ita ke zaɓen wadda za a auka wa ba. Ba kasafai mai fyaɗe ke tare 'yar mai kuɗi ko 'yar sarauta ba. Yana jiran 'yar talla da magariba ta ritsa da ita, ko 'yar aiki, ko marainiya, ko mai taɓin hankali, wadda ya tabbata ko ta yi kuka ba mai tsaya mata. Fin ƙarfi ke nan, kuma da lissafi ake yin sa.

Gardamar ba ta 'yan boko ba ce kawai, don ita ke nuna maganin da za a nema. Kaduna ta ɗauki dandaƙa a matsayin hukuncin fyaɗe a 2020. Jigawa ta samu dokar hana cin zarafi a 2021 a zamanin Gwamna Badaru Abubakar. Amma doka sai ƙara ta isa gabanta, alhali sau da yawa a zaure ake kashe magana da sunan rufin asiri, musamman in mai laifin kawu ne ko mai gida. Maganin da ke kare yarinya daga ƙanjamau kuwa sai an fara sha cikin awa 72, kuma zaman sulhu kaɗai kan cinye kwana ukun nan kafin a yi zancen asibiti a Birnin Kudu.