WAYAR HANNU DA NA'URA MAI BA DA AMSA: INA MAKOMAR ZUMUNTA A ƘASAR MASKA?

A cikin watan Satumba na shekarar 2021, Gwamnatin Jihar Katsina, a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta sa aka katse layukan wayar hannu a ƙananan hukumomi 13, domin a hana ɓarayin daji da masu kai musu rahoto yin magana da juna. Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Dandume suna cikin wuraren da abin ya shafa. Aka shafe makonni masu yawa, wanda yake son jin lafiyar ɗansa da ke Ikko sai ya shiga mota ya nufi garin da layi bai ɗauke ba, labarin rasuwa da na suna kuwa aka koma aika yaro a kan babur. A lokacin ne jama'a suka ga irin nauyin da suka ɗora wa wannan 'yar na'ura ba tare da sun ankara ba.

Ƙasar Maska ba baƙuwar sabon abu ba ce. Tun zamanin da, garin Maska ya yi suna wajen saƙa da rini, fatake suna shigowa suna fita. Daga baya hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya zuwa Gusau ta ratsa Funtuwa, cinikin auduga ya bunƙasa. A shekarar 1975 kuma aka soma Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, malaman gona suka riƙa shiga ƙauyuka da taki da ingantaccen iri. Abin lura shi ne, duk waɗannan abubuwa tara mutane suka yi wuri guda, a tasha ko a kasuwar auduga ko a bakin gona. Ko rediyo ma a zaure ake kunna ta, a saurara tare, a yi gardama tare. Wayar hannu, wadda ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, ita ce ta bai wa kowa nasa shi kaɗai.

ALHERIN DA TA KAWO

Ba mai musun amfaninta. Manomi yana iya jin farashin masara a kasuwar Dandume ko a Dawanau ta Kano kafin ya ɗora buhu a mota, ɗan baranda ba zai rufe shi ba. A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta soma sanar da manoma rabon taki mai rahusa ta saƙon waya. Da aka yi ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, sakamakon sauya fasalin naira, ta waya aka riƙa biyan kuɗin gero da na magani. Ɗan ci-rani yana aiko wa mahaifiyarsa kuɗi cikin minti guda, matan aure kuma suna sayar da atamfa da turare daga cikin ɗakunansu.

ABIN DA TAKE RAGEWA

Amma fa Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. A yau sai ka tarar da majalisar samari goma bayan sallar isha'i, kowa ya sunkuya, ba mai ce wa wani uffan. Ta'aziyyar da ake takawa a yi, a zauna a kan tabarma, ta koma saƙon layi biyu. Wannan ba rashin tarbiyya kaɗai ba ne. Kamfanonin Facebook da TikTok da makamantansu da tallace-tallace suke samun kuɗi, saboda haka aka tsara su yadda za su riƙa lura da abin da ya fi riƙe idon mutum, su ƙara turo masa irinsa. Abin da ya fi riƙe ido kuwa shi ne abin tsoro da abin fushi. A yankin da ake fama da rashin tsaro, hoton gawa da jita-jitar an taho suna yawo daga waya zuwa waya, su hana mutane barci, alhali wani lokaci hoton na wata ƙasa ne, ko na shekarun baya.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan kaɗaici, rahotonsa na 2025 kuma ya nuna cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da shi. Ƙasar Ostareliya ta kafa doka a 2024 wadda ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a irin waɗannan dandaloli.

NA'URA MAI BA DA AMSA

Yanzu kuma ga wata sabuwa, watau ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ya fito a watan Nuwamba na 2022, a 2024 kuma aka sa Meta AI a cikin WhatsApp a nan Nijeriya, har ya zama ɗan sakandare a Malumfashi yana iya yi wa na'ura tambaya ta amsa masa nan take. Ya kamata mai karatu ya san yadda take aiki. An ɗura mata tarin rubuce-rubuce ne, ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace, sai ta riƙa jera su cikin tsari mai daɗin ji. Ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ba ta san jigawa da fadama ba. Rubutun Hausa da aka ba ta kuma kaɗan ne in aka gwada da na Turanci, shi ya sa takan yi kuskure, ta kuma faɗe shi ba tare da ɗar ba.

Hatsarin a fili yake. Ɗalibin da na'ura ta rubuta wa aikin gida ya sami maki, amma ya rasa muhawara da malami da 'yan ajinsu, wadda ita ce take wasa ƙwaƙwalwa. Ma'aikacin da ya zuba mata takardun ofis ya miƙa sirrin jama'a ga kamfanin da bai sani ba, ga shi kuwa tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. Manomin da ya nemi adadin maganin feshi a wurinta yana iya ƙona gonarsa. Mafi muni shi ne matashin da damuwa ta dame shi, ya koma kai kukansa ga na'ura saboda ba ta gajiya kuma ba ta faɗa. Ita ba za ta lura ya rame ba, ba kuwa za ta je ta gaya wa kawunsa ba.

ABIN YI

Ba a ce a jefar da waya a rijiya ba, gwajin 2021 ya isa shaida cewa rashinta wahala ne. Abin da ake bukata shi ne a san matsayinta. Malaman makaranta su riƙa sa ɗalibi ya tashi ya kare abin da ya rubuta da bakinsa. Shawarar noma a tabbatar da ita wurin malamin gona, ko wurin masana na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Duk labarin da ba a san tushensa ba, kada a tura shi gaba. Magidanta kuma su ware lokacin cin tuwon dare ya zama ba waya, su fara da kansu. In an yi rasuwa a Maska kana Funtuwa, ka hau mota ka je. Allah Ya sa mu gane.